Kufai a Tudu, Kufai a Ruwa

Tun daga Yunin 2021, duk sa'ad da aka ambaci Birnin Yauri a rediyo, abu ɗaya ke faɗo wa mai sauraro: ranar 17 ga wannan wata da 'yan bindiga suka afka wa kwalejin gwamnatin tarayya da ke garin, suka kora ɗalibai da malamai daji, har sai da aka shiga 2023 kafin na ƙarshe cikin 'yan matan su dawo hannun iyayensu. Da yawa cikin waɗanda suka yi jimamin abin a Kano da Kaduna sun zaci wata unguwa ce a cikin garin Yauri. Alhali ko a ƙaramar hukumar Yauri ba ya ciki. A ƙasar Ngaski yake, wajen kilomita 14 daga Yelwa. Kuma shi ne Yauri ta asali. A nan sarakunan ƙasar suka zauna shekaru ɗaruruwa, tun Yelwa tana ƙauyen bakin ruwa.

Mu da muka sha tarihi a Kano da Katsina da Zariya mun saba da tsohon birni mai nuna kansa. Ka shiga ta Ƙofar Mata, ka hau Dala, ka tsaya gindin Gobarau. Ko ganuwa ta zube, sunan ƙofarta na bakin kowane direban a-daidaita-sahu. Ƙasar Yauri ba ta yi wa baƙo wannan gata. Motar da ta taso daga Kontagora za ta Jega takan ratsa yankin fasinja na gyangyaɗi, a tsaya a Yelwa a sayi kifi da albasa, a ƙara gaba. Wanda ya sauka ya ce a nuna masa ganuwar birni, sai a bi da shi ta cikin gonaki a nuna masa wani doron ƙasa mai tsawo da ciyawa da ƙaya suka lulluɓe, ruwan sama ya yanyanka shi nan da can. In ba an gaya maka ba, sai ka hau ka sauka ba ka san hannun mutum ne ya tara shi ba. Shaidun da ba sa ƙarya a irin wannan wuri su ne kuka da tsingaro. Inda kukoki suka yi cincirindo a daji, garma kuma na tono fasassun tukwane, to an taɓa hura wuta a nan.

Waɗanda suka bar mana kamannin birnin yana raye, ba dominsa suka zo ba. A tsakiyar 1830 wasu Turawan Ingila biyu, wa da ƙane, Richard da John Lander, suka hauro kogi daga Bussa a kwalekwale, suka sauka a gaɓa, suka hau zuwa Birnin Yauri. Takardun matafiyin nan Mungo Park suke nema. Shi Park ya ratsa ƙasar Yauri a jirginsa a farkon 1806, a nan jagoransa Amadi Fatuma ya rabu da shi, kuma bai yi nisa ba ya halaka a duwatsun ruwa na Bussa. Labari ya kai Ingila cewa littafin tafiyarsa na hannun Sarkin Yauri. Sarki ya riƙe baƙin nan fiye da wata guda, yau da gobe, yau da gobe, suka tashi ba ko warƙa ɗaya. Zaman jiran ne ya sa suka rubuta abin da ke gabansu. Sun ce ganuwar ta ƙasa ce, doguwa, mai kyan gini, da manyan ƙofofi 8, kuma kewayenta zai kai mil 20 zuwa 30. Sun ga masu haɗa albarushi, da masu ɗinkin sirdi, da masaƙa. Sun lissafa abin da ake nomawa: baba, taba, alkama, albasa, da shinkafa mai yawa mai kyau.

Ni dai ban yarda da mil ɗin nan ba. Ƙiyasin ido ne na mutanen da zazzaɓi da zaman jira suka gajiyar, kuma ko ganuwar Kano ba ta kai haka ba. Amma ko an raba lissafin biyu, birni ne babba, irin wanda ake kewaye gonaki da makiyaya a cikinsa don ranar da maƙiyi zai yi zobe. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne jerin amfanin gonar. Shekaru kusan 200 sun wuce, ƙofofi takwas ba ko ɗaya a tsaye, amma albasa da shinkafa har gobe su ne sunan Yauri a kasuwa. Akwai kuma abin da masu kewar jiya ba su cika son karantawa ba: 'yan'uwan nan biyu sun rubuta irin wahalar da talakawan ƙauye, musamman Kambari, ke sha a hannun masu mulki, daga haraji har kamen 'ya'ya. Hannuwan da suka tara ƙasar ganuwar ba duka ne suka yi da son rai ba.

Abin da ya tara jama'a a nan fito ne. Ayarin fatake da ya tashi daga Kano ko Katsina zai je Gwanja sayo goro dole ya ƙetare Kwara a wani wuri, Yauri kuwa na cikin manyan mashigai. Jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi da fatu su sauka a zango, madugu ya je fada ya yi gaisuwa ya biya abin da ake biya, masu jirgi su tsallakar da kaya da mutane zuwa gaɓar Borgu, daga nan a bi ta Nikki da Jugu har Salaga. Jerin sarakunan Yauri yakan fara da Tafiraulu, sannan gidan Jerabana da ake dangantawa da ƙasar Katsina. Akwai ruwayar da ke ba Amina ta Zazzau ginin ganuwar, kamar yadda ake ba ta ganuwoyi da dama a ƙasar nan. Kanta na Kabi ya ci Yauri a ƙarni na 16, aka daɗe ana kai wa Kabi gaisuwa. Da jihadi ya zo, Sarki Albishir Ɗan A'i ya yi mubaya'a, ƙasar ta shiga ƙarƙashin Gwandu, kuma ta haka gidan sarautar Haɓe ya tsira da gadonsa a lokacin da na Kano da Katsina da Zazzau suka rasa nasu.

Sai dai sarki na da birni da dawaki, jiragen kuwa na mutanen tsibirai ne, Gungawa, masu kiran harshensu Reshe. Su suka san inda dutse yake a ƙarƙashin ruwa, su ke farautar dorina, su ke tuƙa mayaƙa. Bikin Rigata da ake yi a Yauri yanzu, da tseren jirage da wasannin ruwa, daga wannan gado ya fito. Duk wanda ya nemi mulkin wannan yanki sai ya bi ta hannunsu, kuma Turawa sun koyi haka da jini: a Oktoban 1898 mutanen wani gungu, wato tsibiri, kusa da Yelwa suka kashe wani hafsan sojan Ingila mai suna Keating da mutanensa, a kan ƙoƙarin karɓar jirage da ƙarfi. Saboda haka wanda ya kalli ganuwar Birnin Yauri kaɗai, rabin labari ya gani. Ɗaya rabin a tsakiyar kogi yake.

Faɗuwar birnin ba ta ɗauki dogon lokaci ba. Daga tsakiyar ƙarni na 19 rikicin gadon sarauta ya raba 'ya'yan sarki, kowa ya nemi mai goya masa baya daga waje. Ana cikin haka Umaru Nagwamatse, jikan Shehu, ya kafa Kontagora a 1864, shi da ɗansa Ibrahim bayansa suka mai da ƙasar Kambari da gefen Yauri wurin kai hari da kamen bayi. Zama a tudu ya gagara. Fada ta koma tsibirin Ikum, talakawa suka watsu cikin tsibirai da duwatsu. A 1888 Sarki Abdullahi Abarshi ya fito da fada zuwa Yelwa, inda take har yau. Jikokin waɗanda suka ga ƙofofi takwas sun taso suna jin labarinsu ne kawai.

Shekaru 80 cif bayan komawa Yelwa, sai dam. A 1964 Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa ya aza harsashin madatsar Kainji, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi ginin, a daminar 1968 aka toshe kogi, a Fabrairun 1969 Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta. Ruwa ya taru ya yi baya, ya zama tafki mai tsawon kusan kilomita 130, har bakin Yelwa. Mutum wajen 44,000 aka tasa daga garuruwa da ƙauyuka fiye da 200. Tsohuwar Bussa ta nutse, da fadarta da duwatsun da suka ci Park. Tsohon garin Wara ya nutse. Mafi yawan babban tsibirin Foge ya nutse, tare da ƙananan tsibirai masu yawa. A ɓangaren Yauri, zamanin Sarki Muhammadu Tukur ke nan, Gungawa ne abin ya fi shafa, domin su gidansu da gonarsu da kushewar kakanninsu duk a tsakiyar kogin suke. Ba na cikin masu cewa da ma ba a gina ba. Ƙasa na bukatar wuta, kuma Kainji ta ba da ita. Amma a dubi lokacin. Yaƙin basasa ake yi, daga 1967 zuwa 1970, hankalin gwamnati da na jaridu yana can gabas. Ba lokacin da kukan mai albasa a tsibiri zai kai Legas ba ne.

An dai yi ɗan ƙoƙari kafin ruwa ya iso. Wani mai binciken kayan tarihi, Robert Soper, ya zagaya kwarin a farkon shekarun 1960 yana sa wa tsofaffin tuddai lamba, daga baya masu haƙar kayan tarihi, ciki har da tawagar David Breternitz daga Jami'ar Colorado ta Amurka, suka shiga rige-rige da ruwa. A wani tudu kusa da Yelwa, wanda aka haƙa ƙarƙashin A. J. Priddy, an samu tukwane da kayan ƙarfe da ƙananan mutum-mutumi na yumɓu, awon da aka yi kuma ya nuna an zauna a wurin daga wajen shekara ta 100 zuwa ta 700 miladiyya. Wato tun ƙarnuka kafin zuwan Musulunci wannan yanki, tun ba a san Jerabana ko Kanta ba, akwai mutane a bakin wannan ruwa masu aiki da ƙarfe, masu ƙera siffa da hannu. 'Yan tuddai kaɗan aka samu damar buɗewa. Sauran suna ƙasan tafki da abin da ke cikinsu.

A daidai waɗannan shekaru, 1964 zuwa 1968, duniya ta tara kuɗi ƙarƙashin UNESCO aka yayyanka gine-ginen dutse na Abu Simbel a Masar, aka ɗaga su zuwa tudu don kada ruwan madatsar Aswan ya ci su. Dutse ana iya yanka shi a ɗauka. Namu na ƙasa ne da jinka da abin da ke cikin kan tsofaffi, ba wanda zai sa masa ƙugiya ya ɗaga. Wani abin da ba a cika lura da shi ba kuma: a Gana, madatsar Akosombo da aka gama a 1965 ta tashi mutum wajen 80,000, ta kuma haɗiye tsohon garin Kete-Krachi, babban zangon Hausawa 'yan goro bayan faɗuwar Salaga, garin da Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna ya koyar har ya rasu a 1934. Cikin 'yan shekaru ƙalilan, mashigin hanyar goro a Kwara da kasuwarta a bakin Volta duk suka koma ƙarƙashin tafki, don a kunna fitila a wasu biranen.

Wanda ke son ganin wannan rabi na tarihin sai ya shiga jirgi. Na taɓa bin wani jirgin inji daga Yelwa ranar kasuwa, tsakanin buhuna da kaji da babur guda da aka kwantar a tsakiya. Yaro ne ke riƙe da inji, amma wani dattijo da ke zaune a goshin jirgi shi ke nuna hanya da hannu, ya karkata dama, ya karkata hagu, a ruwan da ni a idona ko'ina ɗaya ne. Na matsa na gaishe shi, na ce, "Baba, da me kake gane hanya a nan?"

Ya ce, "Malam, ai ba ɗaya ba ne. Nan da muke bi tsohon kogi ne, akwai zurfi. Can da ka ga na kauce, gari ne. Itatuwansu na nan a tsaye."

Ya yi ta kiran sunaye yana nuni da baki, gungun su wane, gonakin su wane, inda ake kafa kasuwa, inda mata ke wanki. Yaron injin bai ko ɗaga kai ba. Shi abin da ya sani, inda tsoho ya ce a kauce, a kauce. Ba a sare itatuwa duka ba kafin a cika tafkin, kututturansu kuwa na cikin abin da ke fasa jirage har yanzu. Ga kuma faɗin ruwa da iska irin wadda tsohon kogi bai sani ba, ga lodi fiye da ƙima. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga jihar Neja zai zo Wara da mutane fiye da 150 ya tarwatse a tsakiyar ruwa, kaɗan aka ceto.

Waɗanda aka tasa an gina musu gidaje na bulo da lanƙwasasshen rufin asbesto, zanen wani Bature mai suna Robin Atkinson. Har yau ana ganinsu a Sabuwar Bussa da ƙauyukan bakin tafki, mafi yawa an kewaye su da ɗakunan ƙasa da rumbuna da masu gida suka ƙara da hannunsu, don mai zane bai san yawan iyalin da za a haifa ba, bai kuma san inda ake ɗaure akuya ba. Amma abin da ya fi gida ciwo shi ne lissafin ruwa da ya rikice. Kwara a nan tana cika sau biyu: farin ruwa mai laka na daminar kusa, da baƙin ruwa mai tsabta da ke isowa da sanyin hunturu bayan doguwar tafiya daga tsaunukan Gini. A kan wannan hawa da sauka Bagunge ya gina noman albasarsa, yana bin gaɓa yana ban ruwa da ƙwarya. Da dam ya zo, sai ya zama masu injin wuta ne ke yanke ranar da ruwa zai ja: tafki ya cika maƙil a rani, ya janye ana dab da damina. Mutane sun koyi sabon lissafi, yau injin ban ruwa ke kuka ko'ina a gaɓa, masunta daga nesa sun zo sun kafa tungaye, warangi ya zama kayan kasuwa. Rayuwa ba ta tsaya ba. Sai dai akwai wani amfanin tsibiri da ba a sa a takardar diyya ba. A zamanin Nagwamatse can ake gudu. Yanzu da 'yan bindiga ke tashin ƙauyuka a Ngaski da Shanga, ana sake yin sababbin kufai a tudu, da yawa cikin mafakar kakanni kuwa na ƙarƙashin ruwa.

Daga Yelwa in ka nufi Koko, sai ka shiga ƙasar Shanga. A nan matafiyi mai neman abin ɗauka a hoto zai ce ba komai. Gari ne irin na ko'ina: sakatariya, kasuwa, masallacin Juma'a, shagunan cajin waya, buhunan shinkafa a bakin titi. Ka gai da kowa da Hausa ya amsa da Hausa. Ni kuwa a ganina, abu mafi tsufa a duk wannan tafiya a nan yake, kuma shi ne ya fi kusa da ɓacewa.

Shangawa na da harshensu. Ba dangin Hausa ba ne, ba kuma dangin Reshe ba ne, duk da kogi ɗaya suke sha. Reshe 'yar'uwar Kambarci da Dakarci ce. Shanganci ɗan'uwan Kyanganci ne na wajen Illo da Kamba, da Busanci da Boko na ƙasar Borgu, dukkansu kuma daga babban dangin harsunan Mande suke, dangin Bambara na Mali da Mandinka na Gambiya da harshen Wangarawan nan da tarihin Kano ya ce sun iso zamanin Sarki Yaji. Dangantakar ta nesa ce ƙwarai, rabuwar ta daɗe, amma tana nan a cikin kalmomi da ginin jimla, kuma waɗannan harsuna na bakin Kwara su ne iyakar dangin ta gabas. Ruwayoyin baka na haɗa Shangawa da Kyangawa wuri ɗaya, wasu su kai asalinsu ga Kisra, sarkin nan na ruwaya, kamar mutanen Borgu, wasu su ce sun zauna ƙarƙashin Songhai har sojojin Maroko suka karya ta a 1591. Ruwaya takan canza da bakin mai faɗa da kunnen mai tambaya. Harshe kuwa ba ya iya ƙirƙiro wa kansa dangi. Shangawa ba su bar ganuwa mai ƙofa takwas ba, ba su da kundin sarakuna da Larabci. Takardar shaidar da ke hannunsu a kan inda suka fito ita ce maganar da ke bakin tsofaffinsu.

Ross Jones, masanin harshe da ya daɗe yana aiki a kan Boko da Busanci, ya bi ƙasar Kyangawa da Shangawa yana neman masu jin harsunan. Abin da ya tarar shi ne Shanganci ya rage a 'yan ƙauyuka na bakin kogi, irin su Sakace, a bakin 'yan dubban mutane. Sauran masu amsa sunan Shangawa sun koma Hausa. Gungawa ma hanyar suka kama. Frank Salamone, wani Ba'amurke da ya zauna a Yauri a farkon shekarun 1970, ya rubuta yadda Bagunge ke zama Bahaushe a hankali: ya musulunta, ya sauya sutura, ya shiga hidimar sarauta ko kasuwa, 'ya'yansa su tashi da Hausa, jikokinsa su ce su Yaurawa ne. Tashin da dam ya yi musu ya ƙara wa abin sauri, don tsibiri ne ke tsare harshe. Da aka zuba su a bakin hanya, kasuwa ɗaya da kowa, makaranta ɗaya da kowa, shingen ya faɗi.

Mu masu Hausa mun iya kukan Turanci na cinye mana harshe. Duk 26 ga Agusta muna bikin Ranar Hausa, muna alfahari da yawan masu jin ta daga Agadas har Kumasi. Ba mu cika tambayar daga ina ƙarin yake zuwa ba. A Shanga, Hausa ce mai cinyewa. Ba wanda ya sa doka, ba wanda ya ɗaga bulala. Kasuwa ce, da wa'azi, da auratayya, da rediyo, da finafinan Kano, da kuma wani abu da ya kamata mu faɗa ko ba daɗi: raini. Shekara da shekaru duk wanda ya yi yarensa a tasha ana masa kallon baƙauye ko wanda bai gama musulunta ba, ko da ya fi mai kallon sallah. Uwar da ta ƙi koya wa ɗanta Shanganci ba ta yi laifi ba, so take kada a yi masa dariyar da aka yi mata. Amma abin da ke tafiya da harshen ba ya dawowa: sunayen kifaye da lokutan ruwa, kirarin gidaje, waƙoƙin daka, da sunayen wurare waɗanda in an fassara su sai ma'anarsu ta zube. Ganuwar Birnin Yauri ko shekara 100 aka ƙara, mai haƙa zai iya zuwa ya auna ta. Tudun da ke ƙarƙashin tafki ma yana nan yana jira. Harshen da masu shi suka ƙare ba shi da inda za a haƙo shi.

Ba wai ba a yi rubutu ba. P. G. Harris, wani jami'in mulkin mallaka, ya wallafa bayanai a kan Yauri a 1930. Ɗan ƙasa kuma, Mahdi Adamu, mutumin Ngaski, ya rubuta kundin digirinsa na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello a kan raunin mulkin Yauri a ƙarni na 19, ya gama a 1968, shekarar da ruwa ke hawa; bayan shekara 10 ya fitar da littafinsa a kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma, ya kuma shugabanci Jami'ar Sakkwato. Sarkin Yauri Muhammad Zayyanu Abdullahi, da ya hau gado a 1999, shi ma tsohon shugaban wannan jami'a ne. Ƙasar ba ta rasa masana ba. Amma waɗannan ayyuka da Turanci aka yi su, a ɗakunan karatu suke, kuma sun fi ba da ƙarfi ga fada da yaƙi da fatauci. Yaron da ke riƙe da injin jirgi ya fi sanin sunan Mungo Park, wanda ya wuce sau ɗaya bai ko kwana da yawa ba, fiye da sunan gungun da aka binne kakan kakansa.

Aikin da ya rage ba ya bukatar UNESCO. Wayar da ke aljihun kowane ɗalibi na ɗaukar murya. A zauna da tsoho a tambaye shi sunan tsibirinsu, da wanda ke gabas da shi da wanda ke yamma, da gidaje nawa ne, da inda aka kai kowane gida. A sa tsohuwa ta yi tatsuniya da Shanganci ko Reshe tukuna, sannan ta maimaita da Hausa. A rubuta, a ajiye kwafi a fada da makarantun yankin, ba a Landan kaɗai ba. Wanda yake ɗan shekara 10 lokacin da aka toshe kogi yau ya doshi 70. Wanda ya riƙe gona da kansa a tsibiri, ya san iyakarta da ta maƙwabcinsa, ya haura 75. Suna Wara, suna Yelwa, suna Sakace da tungayen bakin tafki, kuma ranar kasuwa ba su da wuyar samu.